Sayans Fikshin: Mene ne Shi, Kuma Me Ya Raba Chitti da Aljanin Tatsuniya?

 Yau mun ɗan ajiye zancen wane jarumi ya yi aure da wace waƙa ce ke tashe. Wani nau'in fim nake so mu tattauna a kai, wanda kusan duk mun taɓa kallo amma ba kowa ya san sunansa ba. A shagon tura finafinai za ka ji wani ya ce "a sa min na robot", wani ya ce "na sama jannati", wasu kuma su haɗe su duka su ce finafinan ƙarya. Turawa suna kiransa sayans fikshin, mu kuma a Hausa sai mu ce ƙagaggen labarin kimiyya.

Na yi wannan rubutu ne musamman domin ƙannenmu 'yan sakandare. Dalilina shi ne, a yanzu da ake haɗa bidiyo da murya da ƙirƙirarriyar basira ana yaɗawa a WhatsApp da TikTok, wanda bai iya raba ƙagen labari da ainihin kimiyya ba, kullum shi ake yi wa wayo. Irin waɗannan finafinai da littattafai kuwa, in an san yadda ake kallonsu, suna koya wa mutum wannan rarrabewar.

To wai mene ne shi?

A taƙaice, labari ne da aka gina a kan tambaya guda: "idan da kaza zai yiwu, me zai faru da mutane?" Marubuci zai ɗauki wani abu da kimiyya ta sani ko take hasashe, ya ƙara masa taku ɗaya ko biyu gaba, sannan ya bi abin da zai biyo baya. Idan da inji zai iya soyayya fa? Amsar ita ce Enthiran na 2010, fim ɗin Rajinikanth da Aishwarya Rai da muka fi sani da Robot. Idan da agogo zai iya mayar da kai jiya fa? Shi ne 24 na Suriya, 2016. Idan da za a manta da mutum shi kaɗai a duniyar Mars fa, me zai ci? Shi ne The Martian na 2015, inda Matt Damon ya koma noman dankali.

Ku lura, a duk misalan nan ba injin ne zuciyar labarin ba. Mutanen da injin ya shiga rayuwarsu su ne labarin. Shi ya sa fim zai iya cika da kumbo da bindigogin haske amma ka gama kallo ba ka tsinci komai ba, wani kuma a ɗaki ɗaya aka ɗauke shi amma ya hana ka barci.

Layar zana da na'urar Mr. India

Tambayar da aka fi yi min ita ce, "ai wannan duk ɗaya ne da littattafan yaƙi da labaran bokaye, me ya bambanta su?" Bari na ba da misali da ɓacewa.

A labaranmu na gargajiya, jarumi zai matsa layar zana ya ɓace. Ba wanda zai tambaya ta yaya, domin asiri ne, kuma haka labarin yake so ka karɓa. A Mr. India na 1987 ma Anil Kapoor yana ɓacewa, amma da wata na'ura da mahaifinsa masanin kimiyya ya ƙera, kuma tana da iyaka: in aka haska jan haske za a gan shi. Kafin nan ma, a 1897, marubucin Ingila H. G. Wells ya rubuta The Invisible Man. Mutumin ya yi wa jikinsa aikin da haske ke ratsa shi, sai ga matsala: tufafinsa ba sa ɓacewa, dole ya yi yawo tsirara cikin tsananin sanyi, sawunsa na fitowa a ƙasa, kuma ya kasa dawo da kansa yadda yake.

To nan bambancin yake. A tatsuniya da labarin sihiri, ƙarfin daga asiri yake zuwa. A ƙagaggen labarin kimiyya, daga ilimi da ƙira yake zuwa, yana da ƙa'ida, yana da iyaka, kuma yana da farashi. Aljanin tatsuniya ba ya neman soket, amma Chitti in cajinsa ya ƙare dole ya nemi wuta. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa manyan littattafai ne, sai dai gidansu daban.

Akwai kuma 'yan tsaka-tsaki. Star Wars na 1977 yana da kumbo da mutum-mutumi, amma ƙarfin jarumansa ya fi kama da sihiri. Kalki 2898 AD na Prabhas, 2024, ya gauraya birnin nan gaba da labaran addinin Hindu. Kada ku wahalar da kanku wajen sa wa kowane fim katanga, masu yin su ma gaurayawa suke.

Daga ina abin ya faro?

Abin da zai ba ku mamaki, wadda masana da yawa ke cewa ita ta buɗe ƙofar nan yarinya ce sa'ar wasunku. Mary Shelley, 'yar Ingila, tana da shekara 18 ta fara rubuta Frankenstein, aka buga shi a 1818. Labarin wani ɗalibi ne, Victor Frankenstein, da ya harhaɗa wata halitta ya tayar da ita, da ya ga muninta sai ya gudu ya bar ta. Halittar ta nemi mutane su karɓe ta, suka ƙi, sai ta koma ɗaukar fansa. Af, Frankenstein sunan mai ƙerawar ne, halittar ba ta da suna.

Yanzu ku tuna Enthiran. Dakta Vaseegaran ya ƙera Chitti, ya sa masa ji irin na mutum, Chitti ya kamu da son Sana, sai mai gidan ya farfasa shi ya zubar a bola, wani mugun farfesa ya tsince shi ya sa masa jan cif. Kun ga ai ƙashin bayan labarin ɗaya ne, duk da kusan shekara 200 da ke tsakani. Tambayar ba ta tsufa ba: in ka ƙirƙiri abu, wa ke da alhakin ɓarnar da ya yi?

Bayan ta sai Jules Verne na Faransa. A 1865 ya rubuta labarin mutum uku da aka harba zuwa wata daga jihar Florida ta Amurka. Bayan shekara 104, a watan Yulin 1969, kumbon Apollo 11 ya tashi daga Florida ɗin da mutum uku. Amma kada a ce duba ya yi. Shi da ƙatuwar igwa ya harba nasa, abin da in da gaske ne ƙarfin harbin kaɗai zai kashe su nan take. Lissafi ya yi, ya dace a wani wuri, ya kuskure a wani. H. G. Wells kuma shi ya shahara da injin tafiya cikin zamani a The Time Machine, 1895, da mamayar halittun Mars a The War of the Worlds, 1898.

Fim bai yi jinkiri ba. A 1902 Georges Méliès na Faransa ya fitar da A Trip to the Moon, ɗan gajeren fim marar magana. Ita kuwa kalmar robot, daga wani wasan kwaikwayo ta fito na Karel Capek, marubucin ƙasar Cek, a 1920, kuma asalinta a yarensu aikin tilas take nufi. Wato tun ranar da aka raɗa wa robot suna, zancen bauta da 'yanci ake yi. A 1926 Hugo Gernsback ya kafa mujallar Amazing Stories a Amurka, wadda ba ta buga komai sai irin waɗannan labarai, kuma sunansa aka sa wa babbar kyautar fannin, wato Hugo.

Kada kuma a ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. A 1905 wata Musulma 'yar yankin Bengal, Rokeya Sakhawat Hossain, ta rubuta Sultana's Dream, labarin ƙasar da mata ke mulki, suna girki da zafin rana da suka tara, suna tafiya a motoci masu tashi. Sola ke nan fa, shekara fiye da ɗari kafin ta cika rufin gidajenmu.

Manyan rassansa

Na farko, mutum-mutumi da ƙirƙirarriyar basira. Nan za ka samu The Terminator na 1984, The Matrix na 1999, Ra.One na Shah Rukh Khan, 2011, da I, Robot na Will Smith, 2004. Wannan na ƙarshen daga labaran Isaac Asimov aka samo tushensa, mutumin da a 1942 ya tsara wa robot dokoki uku: kada ya cutar da mutum, ya yi wa mutum biyayya, ya kare kansa, kuma ta farko tana gaba da ta biyu, ta biyu gaba da ta uku. Daɗin labaransa shi ne nuna yadda dokar da ta yi kyau a takarda take rikicewa in ta haɗu da rayuwa.

Na biyu, sararin samaniya da baƙi daga wata duniya. Wa ya manta Jadoo a Koi... Mil Gaya na Hrithik Roshan, 2003? Ga E.T. na 1982, ga PK na Aamir Khan, 2014, ga Avatar na 2009. Sau da yawa baƙon madubi ne kawai, ana amfani da idonsa a nuna mana halinmu. A District 9 na 2009, an killace baƙin a wata unguwar marasa galihu a Johannesburg, kuma duk wanda ya san tarihin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu ya san inda aka dosa.

Na uku, tafiya cikin zamani, da tsohuwar tambayarsa mai juya kai: in ka koma baya ka hana kakanka auren kakarka, to wa ya haife ka har ka koma?

Na huɗu, duniyar da ta lalace. Wannan ne matasa suka fi so. The Hunger Games na Suzanne Collins, 2008, ya nuna gwamnatin da ke karɓar yara 24 duk shekara daga gundumomi 12, su kashe juna ana nunawa a talabijin. Kakansu shi ne 1984 na George Orwell, wanda ya fito a 1949, inda hukuma ke kallon kowa har cikin ɗakinsa. Masu irin wannan rubutu gargaɗi suke yi, kamar mai cewa ga rami nan gaba, a canza hanya.

Ina gaskiya, ina ƙage?

Wannan shi ne sashen da nake so ku fi riƙewa.

Akwai abin da za ka rantse ƙarya ne amma yana da tushe. A Interstellar na 2014, 'yan sama jannati sun sauka wata duniya kusa da baƙin rami, inda awa ɗaya take daidai da shekara 7 a nan. Da suka koma kumbo suka tarar abokinsu ya yi shekara 23 yana jira. Duniyar ƙagagga ce, amma cewa lokaci yana rage gudu a inda ƙarfin jan abu ya yi tsanani, wannan daga nazarin Einstein yake, kuma an gwada an tabbatar. Agogon taurarin ɗan Adam na GPS yana wuce na ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kullum. Da ba a gyara lissafin ba, da taswirar wayarka ta riƙa kauce wa hanya da kilomitoci cikin kwana ɗaya. Masanin da ya ba fim ɗin shawara, Kip Thorne, ya ci kyautar Nobel a 2017.

Haka dish ɗin da ke kan rufin gidanku. Kun taɓa tambayar me ya sa ake saita shi sau ɗaya a bar shi? Saboda tauraron da yake kallo yana can kimanin kilomita 36,000 a sama, yana zagaye daidai da juyawar duniya, don haka kamar a tsaye yake. Arthur C. Clarke, marubucin ƙagaggun labaran kimiyya, ya bayyana wannan dabara a wata maƙala tun 1945, ba a kai tauraro wannan matsayi ba sai 1964.

Akwai kuma abin da ake faɗa da murya irin ta masana amma ba haka yake ba. Fim ɗin Lucy na 2014 ya ginu a kan cewa kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwa kawai muke amfani da shi. Ba gaskiya ba ne, hoton ƙwaƙwalwa ya nuna kusan kowane sashe yana da aikinsa. A 2.0 na 2018 an nuna turakun sadarwar waya suna kashe tsuntsaye da igiyoyin da suke fitarwa, har Akshay Kumar ya dawo ɗaukar fansa. Labari ne mai taɓa zuciya, amma bincike bai tabbatar da hakan ba. Ƙarar fashewar kumbo da muke ji a sararin samaniya ma don armashi aka sa, domin sauti yana buƙatar iska ko wani abu da zai bi, can kuwa babu. Sannan tauraro mafi kusa da mu bayan rana, haske ma sai ya yi fiye da shekara 4 kafin ya iso daga can. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977, da gudunsa na kimanin kilomita 17 a daƙiƙa, zai buƙaci sama da shekara 70,000. Duk fim ɗin da aka je kafin la'asar, marubuci ne ya yanke hanya.

Wannan ne ma amsata ga masu jin tsoron cewa irin finafinan nan za su taɓa wa yaro aƙida. Fim ba wahayi ba ne, kuma gaibu Allah kaɗai Ya san shi. Marubuci mutum ne mai ra'ayi, wani ra'ayin nasa ya dace da namu, wani ya saɓa. Ka saurare shi yadda kake sauraron tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ka ɗauki darasi, ka bar ƙurunƙus a inda yake. Abin da ya shige maka duhu na addini ka kai wa malami, na kimiyya kuma ka kai wa malamin fiziks. Sannan a riƙa duba alamar shekarun da aka sa wa fim, domin wasu ba na kallo da ƙanne ba ne.

Masoya waƙa, ga naku

Rabin tsoro da mamakin finafinan nan a kiɗa yake. Wannan sautin mai kama da kukan iska na tsofaffin finafinan baƙin halittu, wani abin kiɗa ne mai suna teremin, wanda ake kaɗawa ba tare da an taɓa shi ba, hannu kawai ake motsawa a kusa da shi. An ji shi a The Day the Earth Stood Still na 1951. A. R. Rahman ne ya yi kiɗan Enthiran da 2.0. Hans Zimmer ya gina kiɗan Interstellar a kan ƙatuwar molon coci mai bututu, kuma ya ci Oscar a 2022 da kiɗan Dune.

Har muryar nan mai rawa-rawa ta waƙoƙinmu na nanaye tana da nata tarihin. Manhajar Auto-Tune ta fito a 1997, kuma wanda ya ƙirƙire ta, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aikin nazarin sautin ƙarƙashin ƙasa wajen neman man fetur. An yi ta don gyara muryar da ta kauce, sai mawaƙa suka ƙure ta har ta koma kamar ta robot. Kun ga ashe muna cikin labarin tun tuni.

Mu fa, ina namu?

Muna da shi. A 1969, shekarar da aka taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin wani yaro Kilba da wani baƙo daga sama ya ɗauka ya yi yawo da shi a sararin samaniya. Ana lissafa shi cikin na farko-farkon irin wannan rubutu a Hausa.

A yau kuma Nnedi Okorafor, 'yar asalin Najeriya da ke Amurka, ta ci kyautar Hugo da Nebula da Binti na 2015. Littafinta The Shadow Speaker na 2007 a Nijar ta kafa shi, a shekarar 2070, jarumar kuma yarinya ce Musulma. Tade Thompson ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019 da Rosewater, labarin Najeriya a 2066. Ga Iwaju na 2024, katun a kan Legas ta nan gaba. Ko Dune na Frank Herbert, 1965, in ka kalli finafinansa na 2021 da 2024 za ka ji kamar a gida kake: hamada, rawani, darajar ruwa, da kalmomin Larabci irin su Mahdi.

Ana yawan cewa Kannywood ba za ta iya ba saboda kuɗi. Gaskiya ne cewa haɗa hoto da kwamfuta yana cin kuɗi da lokaci da wutar lantarki. Amma fim ɗin Primer na 2004, a kan injin komawa baya, da kimanin dala 7,000 aka yi shi, ya kuma ci babbar kyauta a bikin Sundance. Nan Kaduna ma, wasu matasa da ake kira The Critics sun yi suna a 2019 da gajerun finafinan kimiyya da suka ɗauka da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle, har darakta J. J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki a 2020.

A ganina abin da ya fi ƙaranci shi ne tambayar, ba kuɗin ba. Ga tambayoyi nan birjik a ƙofar gidanmu. Idan A Daidaita Sahu ta fara tuƙa kanta, ina dubban matasan Kano za su nufa? Idan aka kwaikwayi muryar mawaƙin da ya rasu aka fitar da sabuwar waƙa, ta wa ce, kuma magada sun yarda? Idan aka ƙera na'urar gane ƙarya aka kai ta wajen neman aure fa? Idan Tafkin Chadi ya dawo ya cika, wa ke da gonakin da aka yi a inda ya janye? Ko ɗaya daga cikinsu ba ya buƙatar kumbo. Tsakar gida ɗaya da jarumai huɗu sun isa.

Daga ina za ka fara?

In kai sabon shiga ne, fara da WALL-E na 2008 ko Big Hero 6 na 2014, waɗanda za a iya kallo da ƙanne. Daga nan The Martian, domin ka ga yadda ake warware matsala da lissafi da haƙuri. Sannan ka sake kallon Enthiran, amma wannan karon ka bi labarin da tambayar wa ya fi laifi, Chitti ko wanda ya ƙera shi. Interstellar ka bar shi sai ranar da hankalinka ke kwance. A littafi kuwa, nemi Tauraruwa Mai Wutsiya a ɗakin karatu ko wajen masu sayar da tsofaffin littattafai. In Turancinka ya ɗan zauna, Binti gajere ne, za ka iya gama shi a hutun mako.

Duk wanda ka kalla ko ka karanta, yi masa tambaya uku. Wane "idan da" aka gina shi a kai? Wane ɓangare ne kimiyya ta tabbatar, wanne ne marubuci ya ƙara? Sannan wa ya ci riba, wa ya yi asara da wannan sabon abu? In ka saba da haka, ranar da aka turo maka bidiyon wani babban mutum yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba, za ka tsaya ka bincika kafin ka tura wa wani.

Ga masu sha'awar rubutu kuma, ku ɗauki ɗaya daga tambayoyin can na sama, ku cika shafi biyu a littafin makaranta, ku ba aboki ya karanta. Mary Shelley ma da haka ta fara, kuma ba ta kai ashirin ba.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.